Haruffa biyu a farantin Jaguar: yaushe ya dace a sauya wa tsohuwar mota giya?

A ƙarƙashin bonet ɗin kowace Jaguar E-Type akwai wani ɗan farantin ƙarfe wanda masana'anta ta buga wa lambobi huɗu: ta shasi, ta bodi, ta inji da ta giyabos. A wasu motocin, lambar shasin takan ƙare da haruffa biyu, BW. Haruffan na nufin Borg-Warner, wato kamfanin da aka ɗaura wa motar giyarsa ta atomatik kafin ta bar masana'antar Browns Lane da ke Coventry a Ingila. Sai dai a yau motoci ba kaɗan ba masu ɗauke da waɗannan haruffa, idan aka leƙa cikinsu feda uku za a tarar a ƙasan sitiyari, ga kuma sandar giya mai lamba biyar. An sauke atomatik, an dasa giyar hannu. Farantin yana faɗin abu ɗaya, motar tana aikata wani.

A kan wannan saɓani masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka suka daɗe suna kai ruwa rana. Wani ɓangare yana ganin motar da ta haura shekara hamsin ta riga ta zama kayan tarihi, wanda take hannunsa kuwa mai ajiya ne kawai, ba shi da hurumin sauya mata ko da noti ɗaya. Ɗaya ɓangaren yana cewa don tuƙi aka ƙera mota, kuma wadda ba ta da daɗin tuƙi a gareji take ƙarewa, tsatsa tana cin ta a hankali. Gardamar ba ta fatar baki ba ce kawai, domin farashin motar a kasuwar gwanjo yana rataye ne a kan abin da lambobin nan huɗu suka nuna. Matsayin da ya fi kwanta wa hankali shi ne, cire atomatik daga E-Type a sa mata giyar hannu aiki ne da ya dace, har ma ya fi kusa da manufar waɗanda suka zana motar. Laifi yana farawa ne daga inda aka ɗauko injin yankan ƙarfe, ko inda aka rufe wa mai saye gaskiya.

An fara nuna E-Type a baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961. Malcolm Sayer, wanda ya fito daga masana'antar ƙera jiragen sama, shi ya tsara surar jikinta. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.8, kuma kamfanin ya ce tana kai mil 150 a awa, kimanin kilomita 240, a farashin fam dubu biyu da 'yan kai, wanda bai kama ƙafar abin da ake biya a sayi Ferrari ko Aston Martin ba. A shekaru biyar na farkon rayuwarta babu E-Type ko ɗaya mai atomatik. Ba a ma tanadar wa irin wannan giya wuri ba, saboda tsakanin inji da aksil ɗin baya babu isasshen fili.

Atomatik ta shigo ne a 1966, lokacin da Jaguar ta ƙara wa motar tsawon inci tara ta fitar da samfurin 2+2 mai ƙananan kujeru biyu a baya. Amurka ce babbar kasuwar motar, kuma direbobin can sun riga sun saba da feda biyu. A 1971 aka fito da zubi na uku mai injin silinda 12, lita 5.3, aka ɗora dukkan motocin a kan dogon shasin, sai ita ma buɗaɗɗiyar mai rufin tanti ta samu damar ɗaukar atomatik. Haka aka tafi har aka daina ƙera motar a 1974, bayan an fitar da sama da 72,000. Ke nan atomatik ba ta cikin ainihin zanen. Kasuwa ce ta buƙace ta, aka faɗaɗa motar don a ba ta masauki.

Ba wai giyar ba ta da inganci ba ne. Tana da ƙarko, kuma a cikin gari, musamman a bayan injin silinda 12 mai ƙarfin ja, tafiyarta lumui take. Matsalarta ta zamaninta ce. Lamba uku kacal gare ta. A maimakon kuloci, abin da ke haɗa ta da inji wata ƙwarya ce ta ƙarfe cike da mai, mai fanka biyu a ciki suna fuskantar juna: inji yana juya ta farko, ita tana watsa mai, man yana juya ta biyu. Tunda babu ƙarfen da ya kama ƙarfe, fanka ta biyu ba ta taɓa cim ma ta farko, kuma abin da ya salwanta a tsakani zafi yake zama. Giyoyin atomatik na yau suna da hanyar kulle fankokin biyu idan mota ta miƙa hanya, amma waɗanda aka sa wa E-Type ba su da ita. Direba yakan taka totur, inji ya yi ruri, sannan motar ta biyo baya. A babbar mota ta alfarma wannan ba aibu ba ne. A motar da aka ƙera don lanƙwasar hanya, inda direba ke son ya zaɓi lamba da kansa kafin ya shiga kwana, ya kuma bar inji ya taimaka wa birki, rabin abin da aka saya ne ya ɓata.

Akwai tambayar da ke biyo baya: idan za a koma giyar hannu, me ya sa yawancin masu yi ba sa nemo ta Jaguar mai lamba huɗu, suke tafiya ga mai lamba biyar wadda masana'anta ba ta taɓa sa wa motar ba a lokacinta? Amsar tana cikin lissafi. A lamba ta huɗu, farfela tana juyawa daidai da juyin inji, ɗaya bisa ɗaya, kuma babu inda za a ƙara. Sauran motocin Jaguar na wancan lokaci, irin su Mark 2, ana iya sayen su da wata ƙarin na'ura a bayan giyabos mai rage wa inji wahala a doguwar tafiya, amma E-Type ba ta samu ba. Lamba ta biyar ita ke cike wannan giɓi. Idan rabonta 0.73 ne, misali, injin da ke juyi 3,000 a minti a lamba ta huɗu zai sauko zuwa kimanin 2,200 ba tare da gudun motar ya ragu ba. Ƙara tana raguwa, shan mai yana raguwa, zafi ma haka, kuma duk wanda ya san E-Type ya san zafi tsohon abokin gabarta ne.

Giyabos biyu suka fi shahara a wannan aiki. Ɗaya shi ne T5, wanda Borg-Warner ɗin nan dai ya fara ƙerawa a farkon shekarun 1980, aka sa shi a Ford Mustang da wasu motoci masu yawa, daga baya kamfanin Tremec na Meziko ya gaji ƙera shi. Ɗayan kuma Getrag 265 ne na Jamus, wanda BMW ta yi amfani da shi, ita ma Jaguar ta sa shi a XJ-S mai lita 3.6 daga 1983. Abin dariya a nan shi ne, motar da aka dasa wa T5 ba ta ƙaryata haruffan BW da ke farantinta gaba ɗaya ba.

Wanda bai taɓa shiga gareji ba zai ɗauka aikin bai wuce a kwance wannan a ɗaura wancan ba. A E-Type kuwa ko farantin kuloci za a sauya, hanyar da aka saba ita ce a fitar da inji da giyabos tare. Sai an fara sauke bonet, wanda shi kaɗai ne dukan gaban motar, da fitilu da komai, kuma mayar da shi ya zauna daidai kan ci wa ƙwararre yini guda ko fiye. Daga ƙasa akwai wani farantin ƙarfe da ya gitta, wanda ke riƙe da ƙarshen sandunan da ke yi wa ƙafafun gaba aikin sifirin ta hanyar murɗuwa. Sandunan a ɗaure suke da ƙarfi, don haka sai an tokare su ko an sassauta su kafin a taɓa farantin. Wanda ya yi gaggawa a wannan gaɓa da yatsunsa yake caca.

Bayan inji ya sauka ƙasa ne ainihin aikin ke farawa. Motar atomatik ba ta da faifan nan mai nauyi da makanikai ke kira fulawil. Siririn faranti gare ta a madadinsa. Dole a kawo fulawil, a tabbatar haƙoran gefensa sun dace da kik, in ba haka ba ranar farko za a ji ƙarar da ba a so. A tsakiyar ƙarshen karanshaf akwai ɗan rami da ake dasa bushin ko boris, inda hancin sandar giyabos zai kwanta. Abu ne da bai fi babban yatsa ba, amma idan aka manta da shi, ko aka sa wanda bai yi daidai ba, sai an sake fitar da inji baki ɗaya. Sannan ƙwaryar da ke rufe kuloci, wadda ke haɗa inji da giyabos: wajibi ne tsakiyarta ta daidaita da tsakiyar karanshaf. Ƙa'idar da masu ƙera giya na zamani ke bayarwa ita ce kada karkacewar ta wuce inci 0.005, abin da bai fi kaurin gashi ɗaya ko biyu ba. Da agogon awo ake gano wannan, ba da ido ba. Tsofaffin giyabos suna da sassauci, sukan haƙure wa ɗan karkace. Sababbi ba sa yafewa. Sakamakon sakaci a nan ba ya bayyana nan take. Sai bayan watanni giya ta fara tauri, ko ta riƙa fita da kanta, mai mota ya ɗora laifin a kan giyabos alhali awo ne ba a yi ba.

Ragowar aikin ƙanana ne, amma su ke bambanta gwani da ɗan koyo. Akwatin feda sai an sauya shi da mai uku, a haɗa famfon kuloci na sama da na ƙasa da bututun mai. Farfela sai an samo mai tsawon da ya dace, a kuma daidaita nauyinta don kada ta girgiza motar. Maleji daga giyabos yake samun juyinsa, saboda haka sai an sake lissafa shi, in ba haka ba ya riƙa nuna gudun da ba shi ne ba. Akwai makunnin da ke hana motar atomatik tashi idan tana cikin giya, wanda dole a san yadda za a yi da wayoyinsa, da na fitilar ribas, da bututan da ke kai man giya wurin sanyaya. Rabon haƙoran aksil ɗin baya ma abin dubawa ne, tunda ba lallai wanda ya dace da atomatik ya dace da lamba biyar ba: idan ya yi tsayi da yawa, lamba ta biyar ta zama ado, ba a shiga ta sai a gudun da doka ta hana.

Makanikan Kano da Kaduna ba baƙin wannan aiki ba ne. Sun daɗe suna mayar da motocin da aka shigo da su daga Turai da Amurka daga atomatik zuwa manuwal, galibi don masu haya da ke neman giyar da gyaranta ke da sauƙi da araha. A can babu wanda zai damu idan an faɗaɗa rami da guduma ko an yi wa wani ƙarfe walda, domin motar nema ce, ranar da ta gaji a sayar da ita kayan gyara. Bambancin E-Type shi ne ba a ƙara ƙera ta, kuma kowace walda da aka yi mata za ta bi ta har wurin mai saye na gaba da wanda zai biyo bayansa.

A nan ne ya kamata a saurari masu adawa da kyau, domin hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa tarihi ba abin da ya kamata a ce an yi ba ne, abin da aka yi ne. Wani likita a Kalifoniya ko wata mata a Landan da suka shiga shagon dillali a 1972 suka zaɓi atomatik, zaɓinsu ma tarihi ne. Duk motar da aka sauya, adadin waɗanda suka rage a yadda suka fito yana raguwa da ɗaya, kuma idan aka ci gaba za a wayi gari ana tsammanin kowace E-Type giyar hannu gare ta, a manta cewa a ƙarshen rayuwarta ta zama motar shaƙatawa mai sitiyari mai taushi fiye da motar tsere. Wannan gaskiya ne, kuma mai motar da ba a taɓa kwance ta ba, mai fentin masana'anta da takardun mai ita na farko, ya kamata ya bar ta yadda take, ya nemi wata ya yi wasa da ita. Irin waɗannan kaɗan ne. Mafi yawan motocin da suka kai yau an sake musu fenti, an sauya musu ƙasan bodi saboda tsatsa, an buɗe injinsu sau ɗaya ko biyu. Kiran irinsu kayan tarihin da ba a taɓawa, yaudarar kai ce.

Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin ababen hawa, FIVA, wadda ke ɗaukar abin hawa a matsayin na tarihi idan ya kai shekara 30, ta fitar da wata yarjejeniya mai suna Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013. Ruhinta a wannan batu shi ne, sauyin da aka yi wa mota a rubuta shi, kuma ya kasance wanda za a iya warwarewa a koma asali. Da wannan ma'auni, motar atomatik ta fi kowace sauƙin sauyawa ba tare da ɓarna ba. Dogon shasi gare ta, kogon da giyabos ke kwanciya a ciki tun asali an yi shi ne don ya ɗauki atomatik mai jiki, saboda haka sabon giyabos yakan samu wuri. Abin da aka ɗaura da noti, noti ke kwance shi. Gajerun motocin ne ke da tarko: T5 yadda ya fito daga masana'anta ya yi musu tsawo, kuma bakaniken da ba ya son wahala yakan yanke kogon ko ƙarfen da ya gitta ƙasan motar. Jikin E-Type daga gilashin gaba zuwa baya shi ne shasinta, babu wani ƙashin baya daban, don haka wannan yanka ba na fata ba ne. Shi ya sa masu haɗa kayan sauyin na kirki suke ƙera wa giyabos ɗin gajeriyar wutsiya ta musamman don kada a taɓa bodi. Sun fi tsada, kuma wanda ba zai iya biyan bambancin ba bai shirya yin aikin ba.

Shari'ar da ta fi wuyar yankewa ita ce ta motocin farko masu lita 3.8. Su tun asali giyar hannu gare su, ta kamfanin Moss, tsohon zane mai ƙarfin gaske amma mai taurin kai. Lambarta ta ɗaya ba ta da zoben tagullar nan da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, sai kuka take yi idan ana tafiya a cikinta, kuma sai mota ta tsaya cak ake shigarta lafiya, ko direba ya iya taka kuloci sau biyu yana ɗan ba da wuta a tsakani. Jaguar da kanta ta yi watsi da ita a 1964 da ta fito da inji mai lita 4.2. Duk da haka, cire Moss ba daidai yake da cire atomatik ba. Atomatik ta raba direba da aikin da motar ta tanadar masa. Moss kuwa ita ce aikin. Wanda ya sayi motar 1961 ya sa mata giya mai santsi kamar ta motar bara, ya sayi surar shekarar ne ya jefar da ɗanɗanonta. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa masana'antar ba ta tsaya a wannan ra'ayi ba: a 2021, don bikin cikar motar shekara sittin, sashen Jaguar Classic ya sake gina motoci goma sha biyu masu lita 3.8, ya sa musu giyar hannu mai lamba biyar da aka tsara ta shiga ba tare da an yanka bodi ba. Aston Martin ma ta daɗe tana karɓar Vanquish a tsohuwar masana'antarta ta Newport Pagnell tana mayar da ita giyar hannu. Idan masu ɗa sun yarda a yi masa aski, da wuya maƙwabci ya hana. Abin lura dai shi ne su ma ba su kai hannu ga injin yanka ba.

Sauran magana ta kasuwa ce, kuma nan ne haɗarin ya fi yawa. A motocin wasanni, giyar hannu ta asali ta zama abin nema, farashinta kuma ya bi. Ferrari 599 GTB, wadda kimanin talatin kacal aka ƙera da giyar hannu, an sayar da ɗaya a gwanjon RM Sotheby's na Amelia Island a 2015 a kan dala 682,000, ninkin-ba-ninkin abin da 'yan'uwanta masu sauya giya da kansu ke kamawa. Tazarar E-Type ba ta kai haka ba, amma tana nan, kuma duk inda aka samu tazara irin wannan, za a samu mai son tsallaka ta a ɓoye. Motar da aka sauya ba ta zama wadda ta fito da giyar hannu ba, ko da aikin ya fi na masana'anta kyau. Mai sayarwar da ya rubuta "giyar hannu" a talla ya yi shiru, bai yi ƙarya da baki ba, amma ya bar mai saye ya yi wa kansa ƙarya. Wanda ya sake buga faranti ya share BW kuwa ya fita daga gardamar masu sha'awa, ya shiga zamba.

Gano hakan ba shi da wuya ga wanda ya san inda zai duba. Gidauniyar Jaguar Daimler Heritage Trust tana riƙe da littattafan masana'anta, tana kuma ba da takardar shaida mai nuna ranar da aka ƙera mota, da launinta na asali, da lambobinta huɗu. Mai saye ya nemi takardar, ya gwada ta da farantin, ya gwada farantin da lambobin da aka buga a jikin ƙarfen. Mai motar da ya yi sauyin kuma yana da nasa nauyin: ya sanar da kamfanin inshora, ya adana rasit da hotunan kowane mataki, ya zuba wa tsohon giyabos mai, ya rufe shi a akwatin katako tare da akwatin feda mai biyu da farfelar asali da ƙwaryar nan mai fanka. Kayan suna da nauyi, suna cin wuri a gareji, kuma mai yiwuwa babu wanda zai sake ɗaura su har abada. Ranar da motar za ta sauya hannu, a ɗora akwatin a bayan tirelar da za ta ɗauke ta, lambar da ke jikin giyabos ɗin tana daidai da wadda ke farantin.